Asta da Injin Ƙadangaruwa

A unguwar da ke bayan tashar motar Gwarzo, in ka tambayi gidan Malam Hammadu bakanike, matasa za su tsaya kallon juna. Amma in ka ce gidan Asta mai wankin ƙarfe, nan take za a nuna maka, ko da yake ta daɗe da barin garin.

'Yar Durun ce ta ƙasar Kabo. Iyayenta makiyaya ne da suka zauna wuri ɗaya suka kama noma, shanun suka ragu sai waɗanda ake ɗaurewa a bayan gida. Tun tana yarinya aka san ta da iya wanke-wanke. Ƙwaryar nonon da Asta ta wanke daga nesa ake gane ta. A kasuwar Getso, inda take kai man shanu, suka haɗu da Hammadu, ya zo gyaran wata motar hatsi da ta ƙi tashi. Bayan girbi aka ɗaura musu aure, ta tare a Gwarzo.

Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, sababbin kayan mota suka ɓace daga shaguna. Abin da a da ake cirewa a jefar, yanzu sai an lallaɓa shi an mayar. Hammadu ya fara dawowa gida da tsofaffin ƙarafa a buhu, ya zauna yana kankarewa da wuƙa yana tsaki. Wata rana Asta ta gaji da kallonsa, ta karɓi wata kafireta daga hannunsa, wato abin nan da ke haɗa fetur da iska ya ba inji. Ta jiƙa ta a kananzir, ta bi ta da ruwan tsamiya, ta goge da toka da lemun tsami. Ƙananan ramukan da allura ba ta shiga, ta zura musu gashin jelar saniya. Da Hammadu ya dawo daga masallaci sai ya ɗauka ta aika an sayo wata ce.

Daga nan sana'a ta kafu. Ba ta taɓa taka gareji ba, ba ta kuma san motar wa take wanke wa kaya ba. Ƙarfen ne kawai ke zuwa mata. Tana tankaɗe yashin rafi da tsohon ɗankwali har ya yi laushi kamar gari. Mai tsatsa ya kwana cikin tsamiya, na dalma a goge shi da garin gawayi da tsumman atamfa. Wanda ke son fenti ta shafa masa, ta kife kwando a kansa saboda kaji, in ya sha iska ta matso da shi kusa da murhu ya gasu a hankali. Kanikawan tasha suna kiranta Innar Bilki, da sunan 'yarta ta fari. Bilki ba ta yi tsawon rai ba. Ƙyanda ce ta ɗauke ta a wata damina mai yawan ruwa, tun daga lokacin kuma mutane suka daina kiran Asta da wannan suna don kada su tayar mata da ciwo.

Hammadu ya rasu ana gab da ƙaddamar da shari'a a Kano. Ɗansu Abdulrahman yana birni yana koyon ɗinki, sai ya zamana ita kaɗai ce a gidan. Yayan mijinta, Ɗanladi, tsohon direban babbar mota wanda idanunsa suka mutu, yana gidan da ke jikin nata, shi ne mai sa ido a kan al'amuranta, in ji shi da kansa yana dariya. Garin ya canja a shekarun nan. An rufe wuraren shaye-shaye na bayan gari, wa'azi ya yawaita, ranar Juma'a kuwa da an kira sallah sai tituna su zama wayam, ko mai shayi ba ka gani.

A irin wannan Juma'ar ce, cikin bazara, Asta tana tsakar gida tana jin huɗuba daga lasifika, aka yi sallama a zaure. Muryar namiji ce, ba babba ba. Ta yafa mayafi ta tsaya bayan labulen buhun da ya raba zauren da cikin gida, ta amsa.

Ya ce, "Innar Bilki, barka da rana. Ya gida, ya aiki?"

Ta daɗe rabonta da jin wannan sunan. Ta daure ta amsa gaisuwar.

"Malam Hammadu yana ciki?"

"Ai Malam Allah ya yi masa rasuwa. Ba ka ji ba?"

Ta dubi ƙasa. Ta ƙarƙashin labulen tana hango ƙafafunsa. Takalmi ne mai tudun dunduniya da wando mai faɗin ƙafa, irin waɗanda samari suka daina sawa tun tuni. Bakin wandon a jiƙe yake.

Can ya ce, "Ya yi mini alkawari zai mayar mini da injina sabo. Ga shi na fara kawowa."

Ta ji an ajiye abu mai nauyi. Ta ce masa ya gaya mata sunansa, ba a amsa ba. Da ta ɗaga labulen babu kowa, sai buhu, da danshi a ƙasa inda ya tsaya. Ta leƙa waje. Rana ce kawai, da wata akuya a inuwar katanga.

A cikin buhun kafireta ce guda biyu a haɗe kamar tagwaye, ƙirar da ba ta taɓa gani ba. Busasshiyar laka ta toshe su, da ta ƙwanƙwasa sai ƙananan katantanwa suka zubo. Ta daɗe zaune tana kallonsu. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne alkawarin. Ba ta son mijinta ya kwanta da nauyin maganar da bai cika ba. Ta ɗauko kwanon kananzir.

Aikin ya ba ta wuya fiye da kowanne. Lakar ta zama kamar siminti, ga wani wari na ƙasan rafi da ya ƙi fita ko da ta wanke hannu da sabulu. Amma da ƙarfen ya fara bayyana sai ta ji daɗinsa. Ƙira ce mai kyau, murafan kamar ƙananan tukwane, ta goge su har tana ganin fuskarta a jiki. Juma'a ta zagayo, ana cikin huɗuba, aka yi sallama. Ta tura buhun ta ƙarƙashin labule. Ta ji an buɗe, ta ji an ja numfashi.

Ya ce, "Haka take a da. Sannu, Innar Bilki."

Ya bar wani buhun.

Haka abin ya ci gaba har damina ta kusa. Murfin inji ya zo, ta kankare shi ta yi masa baƙin fenti. Fistin suka zo, da bawul, da famfon mai, da wani bututun tagulla da ta wanke har ya koma ja. Kowanne da lakarsa da katantanwarsa. Mutumin ba ya wuce gaisuwa da 'yar magana ɗaya. Ita kuma ta daina tambayar sunansa. Ta lura kajinta ba sa shiga zauren ranar Juma'a, sai ta ce wa kanta zafi ne.

Maƙwabciyarta Hajaratu ce ta fara yi mata magana ta kan katanga.

"Asta, ni ba gulma na zo yi ba. Amma ana jin muryar namiji a zaurenki duk Juma'a, maza suna masallaci. Kin san zamanin da muke ciki. Maganar ta kai kunnen mai unguwa."

"Kin gan shi?"

"Na leƙa ta kafar ƙofa ban ga kowa ba. Muryar dai na ji."

Asta ta je ta sami Ɗanladi ta zayyana masa komai. Tsohon ya ce ta kawo masa murfin injin, wanda bai riga ya koma ba don fentin bai gama kamawa ba. Ya ɗora shi a cinya yana shafawa, ya bi gefensa da yatsa, ya ƙirga ramukan noti a zuci. Fara'ar fuskarsa ta gushe. Ya miƙa mata murfin. Ya ce dai wannan Juma'ar ba zai nemi mai kai shi masallaci ba, a shimfiɗa masa tabarma a zaurenta.

Ranar ya zauna a lungun zauren da sandarsa da carbi. Liman ya fara huɗuba. Aka yi sallama, Asta ta amsa daga bayan labule, Ɗanladi bai amsa ba. Baƙon ya gaishe ta kamar kullum, ya karɓi murfin, ya ajiye wani ƙaramin ƙunshi.

Ya ce, "Wannan ne na ƙarshe." Sai kuma ya ƙara da cewa, "Baba Ɗanladi, barka da hutawa."

Da Asta ta fito ta tarar da tsohon ya jiƙe da gumi, carbin ya faɗi ƙasa.

Ta ce, "Yaya, lafiya? Ka san shi?"

"Asta, ni makaho ne. Kaza in ta wuce ƙofar nan ina jin takunta. Mutumin nan na ji muryarsa, ban ji zuwansa ba, ban ji tafiyarsa ba."

Ya nemi ruwa ya sha, sannan ya ba ta labari. A shekarun da ake gina madatsun ruwa a yankin, wani Bature injiniya ya zo da ƙaramar mota koriya ƙirar Ingila, mai kujera biyu, ba ta da rufi sai tamfol da ake naɗewa, ƙafafunta da wayoyi kamar na keke. Saboda yadda take manne da ƙasa in tana gudu, mutane suka sa mata Ƙadangaruwa. Da zai koma ƙasarsu, wani ɗan kasuwar Kabo ya saye ta, ɗansa Abdulnasir ya gaje ta. Yaro ne mai son kwalliya, mai girmama mutane. Motar ta tsufa, kayanta babu su ko a birni, Hammadu ne kaɗai ke iya lallaɓa ta. Wata rana da damina Abdulnasir ya kawo ta Gwarzo tare da ƙanensa Hadi. Hammadu ya ce masa ya bari ruwa ya ɗauke, zai sauke injin gaba ɗaya ya mayar masa da shi sabo. Hadari ya haɗo, aka ce su kwana, suka ƙi. A mashigin rafin da ke kusa da Dugabau ruwa ya tafi da su. An tsinci Hadi a maƙale jikin bishiya, ƙugunsa a karye. Motar sai da rani aka tono ta daga cikin laka. Abdulnasir kuwa ba a taɓa ganin gawarsa ba.

Ɗanladi ya ce, "Shekarar da Bilki ta rasu ce, shi ya sa ba ki riƙe labarin ba. Yaron nan ya sha zama a gaban motata yana tambayata hanyar Legas. Ba zan manta muryarsa ba."

"Yaya, ai mamaci ba ya dawowa."

"Ba ya dawowa. Sai mu je Kabo mu ji wa ke aiko da kayan."

Washegari suka shiga motar Kabo, ƙunshin na ƙarshe yana ɗaure a bakin mayafinta. Dilko ne, abin da ke raba wuta ga fulogai, wanda in babu shi inji ba ya tashi. Gidan babba ne amma ya lalace, soron gaba ya tsage. Yayar su Abdulnasir, Hajiya Zinnira, ita ce ke riƙe da shi. Ta karɓe su da mutunci, aka gaisa aka sake gaisawa, aka kawo fura. Da Asta ta faɗi abin da ya kawo su, Hajiya ta ajiye ludayin da ke hannunta.

Ta ce, "Hadi bai taka ƙasa da ƙafarsa ba tun ranar da aka ɗauko shi daga rafi. Da hannu yake jan jiki. Ba ya fita, ba ya yarda kowa ya shiga wurinsa sai ni. Ku zo ku gani."

Ta kai su wani tsohon ɗakin ajiyar hatsi a ƙarshen gidan. Hasken rana yana saukowa ta ɓular kwano. Ga motar nan a kan duwatsu, tayoyin sun ruɓe, jikin duk tsatsa da tabon laka, kujerun sun zama ƙarfe zalla. Amma murfin gaba a buɗe yake, injin yana walƙiya. Asta ta ga tagwayen kafiretarta, da jan bututun tagulla. Ta ga baƙin murfin da ta miƙa jiya, an ɗaure shi da notinsa tsaf.

Kusa da motar wani mutum ne zaune a kan buzu, furfura ta cika masa kai, ƙafafunsa sirara a naɗe ƙarƙashinsa, sifanu a jere a gabansa. Ya dubi Asta ya yi murmushi kamar ya daɗe da saninta.

"Ke ce Innar Bilki. Ya ce hannunki babu irinsa."

Ɗanladi ya ce, "Hadi, wa kake aikawa Gwarzo?"

"Ni ba na aiken kowa, Baba. Ni dai in kwance, in ɗaura. Yaya ne ke kaiwa, shi ke karɓowa."

Hajiya Zinnira ta fara salati a hankali.

Hadi ya ce, "Saura dilko, yana wurinki. In ya dawo za ta tashi. Ya ce ni zan tuƙa, tunda ni na tuƙa ranar. Sai mu ƙarasa hanyar da muka fara."

Asta ta ji ƙunshin ya yi mata nauyi a kafaɗa. Ba ta ce yana jikinta ba. A zaure, da za su tafi, Hajiya ta kama hannunta da hannu biyu.

"Don Allah, 'yar'uwa, kada ki mayar. Ban san ko mene ne ba, ban kuma san inda za su ba. Shi kaɗai ya rage mini."

A Gwarzo Ɗanladi ya kai maganar gaban limamin unguwa. Malamin ya ce wanda ya mutu ya tafi ke nan, abin da ke zuwa ko dai aljani ne mai kwaikwayon murya, ko mutum ne mai wata manufa, kuma babu wajabcin cika alkawarin da zai kai wani ga halaka. Ya ba ta addu'o'i, ya kuma yi wa mai unguwa bayani, surutun ya mutu. Duk da haka Asta ta wanke dilkon. Ta ce ba za ta iya kwana da ƙarfe mai laka a gidanta ba. Ta goge shi ya yi fes, ta naɗe a tsumma ta sa a ƙarƙashin tukunyar ruwa.

Juma'a ta zo da hadari a gabas. Ɗanladi yana lungunsa. Asta ta yi niyyar yin shiru, amma da aka yi sallamar sai ta ji ba za ta iya ƙin amsawa ba.

Ya ce, "Innar Bilki, an gama?"

"An gama. Amma ba zan bayar ba."

"Hadi yana jira."

"Na gan shi. Ka bar shi ya zauna da 'yar'uwarsa. Alkawarin Malam kuma na ɗauke shi, ya dawo wuyana. In da laifi, nawa ne."

Ruwa yana ɗiga daga bakin wandon, tana kallo, har ya gangaro ta ƙarƙashin labulen ya kusa taɓa yatsunta. Ta ja da baya. Babu faɗa a muryarsa da ya sake magana, sai ma wani sanyi irin na wanda aka ba kunya.

Ya ce, "To. Zan gaya wa Malam Hammadu."

Bai sake zuwa ba.

Asta ta kwanta zazzaɓi har aka kira Abdulrahman daga birni. Da ta samu sauƙi ta ce ba za ta ƙara zama a gidan ba. Ta koma Durun wurin ƙanenta Bappa. A hanya ta sa aka tsaya a kasuwar Getso, ta miƙa dilkon ga masu ƙera tukwanen dalma, ta tsaya a kansu har suka fasa shi suka jefa a wuta.

Hadi ya daina magana tsawon wannan daminar. Bayan girbi Hajiya Zinnira ta kira masu sayen tsofaffin ƙarafa suka yanka Ƙadangaruwa suka loda a kura. An zaci zai yi hauka, sai ya nemi a fitar da shi ƙofar gida ya ga tafiyarta. Daga ranar ya riƙa zama a waje. A hankali mata suka fara aiko masa da risho da fitila da injin taliya yana gyarawa, ya yi shekaru a haka kafin ya rasu. Asta ta taɓa zuwa gaishe shi sau ɗaya. Ya amsa da ladabi, ya tambaye ta daga wane gari take.

A Durun ta koma kiwon awaki da kaɗa nono. Kanikawan Gwarzo sun yi ta aiko mata da kaya tana mayarwa, har suka haƙura. Matan gidan sun ce ba ta jin tsoron ba da labarin, in an tambaye ta takan faɗa tiryan-tiryan tana tsinkar zogale. Wuri ɗaya ne take tsayawa. Takan ce ita baƙon bai taɓa yi mata rashin kunya ba, abin da ke damunta shi ne ba ta san yadda ya kai wa Malam Hammadu maganar ba, ko ya faɗi dalilinta ko kuwa ya ce kawai ta ƙi.

Ta rasu da kaka, ana cikin yankan dawa. Maza da yawa daga gona suka wuto jana'izar, laujensu a ajiye bakin masallaci. Daga Kabo Hajiya Zinnira ta zo da kanta, ta tsufa sosai, sai da aka riƙe ta ta sauka daga mota. Ta zauna cikin mata har aka share makoki, ba ta gaya wa kowa yadda suka san juna ba.